Amatullah da Teburin Madaci

A Maitumbi, idan yaro ya zana biro a jikin kujerar babansa, ko amarya ta tare aka tarar gadonta ya sha karce a hanya, magana ɗaya za ka ji maƙwabta suna yi: "A kira Maman Yasmin." Sunanta na yanka Amatullah. Mace ce 'yar firit, ba ta da yawan magana, tafin hannunta kuma ya fi na mijinta kaushi. Ba ta ƙera tebur, ba ta haɗa gado. Nata aikin shi ne gyara fuskar katako bayan an ɓata ta.

A gida ta tarar da sana'ar. Kakanta ya zo Minna daga wajen Kano tun zamanin da jirgin ƙasa ke tashe, ya yi aikin kafinta a tasha har ƙarfinsa ya ƙare. Ɗansa, Malam Aliyu, ya kafa rumfarsa a Sauka Kahuta, yana yin ƙofofi da benci da gadajen amare. Ya so ƙwarai babban ɗansa Sadiq ya gaje shi, amma Sadiq tun yana sakandare hankalinsa na kan gyaran waya, ƙurar katako ma tari take sa shi. Amatullah ake aikowa da abincin rana, ita kuwa in ta ajiye kwano ba ta da niyyar komawa gida. Sai ta raɓe a gefen benci tana kallon yadda mahaifinta ke shafa banish, katako busasshe ya koma yana sheƙi kamar an wanke masa fuska.

Ranar da ya gaji da korarta, sai ya miƙa mata guntun samfefa, rabi wasa rabi gaske.

"To, Amatu, tunda kin ƙi tafiya. Bi jijiyar itacen, kada ki gitta ta. Katako kamar akuya yake, in kin shafa ta inda gashinsa ya kwanta sai ya yi miki luf."

Zarto da guduma bai taɓa ba ta ba. Ya ce ba na mata ba ne, ita kuma ba ta yi musu ba. Amma kafin ta gama makaranta, duk wata gugar ƙarshe a rumfar ta koma hannunta. Ta koyi cewa in katako ya lotsa, jiƙaƙƙen tsumma ake ɗorawa a bi da dutsen guga mai zafi, sai wurin ya kumburo ya dawo daidai. Ƙaramin karce kakin zuma ke cike shi. Rami kuwa sai an kwaɓa garin katakon da gam. Tawadar biro da sifirit ake ɗauke ta, a auduga, ana dangwalawa a hankali, don in aka goga da ƙarfi yaɗuwa take yi.

Da aka yi mata aure da Ishaku mai Keke, kowa ya ɗauka maganar katako ta ƙare. Ita ma haka ta ɗauka. Sai ga shi ranar tarewa motar da ta ɗauko kayanta ta faɗa wani rami a hanyar Maitumbi, sif ɗin kayanta ya gogi ƙarfen mota, ya samu karce tun daga sama har ƙasa. 'Yan kai amarya suka yi ta salati, wata gwaggonta har da hawaye. Da baƙi suka watse amarya ta aika gida aka kawo mata 'yar jakar kayan aikinta. Matan gidan hayar da suka ga sif ɗin ranar tarewa, da suka sake shigowa gaisuwa sai da suka tambaya ko sabo aka sayo.

Daga nan ne aiki ya fara biyo ta har ɗaki. Akwai gidaje da yawa da namiji baƙo ba ya wuce ƙofar gida, ita kuwa har uwar ɗaka take shiga, ta gyara gado a inda yake ba sai an kwance shi ba. Matan ma'aikata suka riƙa ba wa juna lambarta. Ishaku ne ke kai ta, ya sauke ta da jakarta, ya wuce neman fasinja. Abokansa a tashar Keke suka sa shi gaba da tsiya.

"Mijin kafinta, yau kai za ka yi tuwon dare ke nan?"

"Tuwo dai na ci," in ji Ishaku, "kuma a kan tebur na ci shi. Kai a ina ka ci naka?"

Ita ma ta sha nata. A wajen biki, in mata suka baje hannuwa ana yaba lalle, nata hannun yakan zama abin kallo, don ƙasan faratanta ba ya rabuwa da launin banish. Da farko takan ɓoye shi cikin mayafi. Daga baya ta daina.

Aikin da har yau ake ba da labarinsa a unguwar ya zo mata ne a tsakiyar wata damina, bayan ta yaye ɗanta na biyu. Wata dattijuwa, Mama Patricia, wadda ta yi ritaya daga aikin unguwarzoma, ta zo gidan da kanta cikin yayyafi, ko lema ba ta ɗauko ba. Ta ƙi zama. Hausarta irin ta Minna ce, amma ranar ko kurma ya gane tana cikin tashin hankali.

"'Yata, ke ce mai gyaran katako? Tashi mu je ki gani da idonki. Bakina ba zai iya faɗa ba."

A falon Mama Patricia akwai wani dogon tebur na madaci, mai sassaƙar ganye a gefensa. Daga gonar gidan mijinta aka sare itacen, shekarar da suka yi aure, mijin da kansa ya tsaya a kan kafinta har aka gama. A kansa suka ci abinci da 'ya'yansu har Allah ya yi wa mijin rasuwa. Yanzu a tsakiyar teburin akwai wani tabo shuɗi mai ratsin ja, faɗinsa ya kai faifai, kewaye da shi kuma karce ne birjik kamar kaji sun yi tono.

Mai laifin yana tsaye a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Meshach ne, babban ɗanta, magidanci mai shagon buga takardu. Ruwa ne ya hana shi fita shago, ya zauna ɗura wa injinsa tawada a kan tebur, kwalba ta kife. Don kada uwar ta gani, ya ɗauko soson ƙarfe da garin sabulu ya dirje wurin, da ya ga bai fita ba ya sa wuƙa. Banish ɗin da ya kankare shi ne ya buɗe wa tawadar hanya ta shige cikin naman itacen.

"Kuma ƙarshen watan nan dangin saurayin ƙanwarsa Destiny za su zo daga Kagara neman aure," in ji Mama Patricia. "A kan wannan tebur aka karɓi maganar auren duk 'ya'yan gidan nan. Kafintan da na fara kira ya ce a shafe shi da baƙin fenti. Wani ya ce a manna masa fomeka. Fomeka, 'yata! A kan madaci!"

Amatullah ta durƙusa, ta kwantar da kai tana hango fuskar teburin ta gefe, ta bi karcen da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, karcen ba ya ba ni tsoro. Tawadar ce ban taɓa gamuwa da irinta ba, ba ta biro ba ce. Ba zan yi miki alkawari ba. Amma in kin yarda zan gwada."

"Gwada. Abin da ya lalace ai ba ya tsoron lalacewa."

Washegari ta fara. Sifirit ya ɗauke ta saman, auduga ta yi ta rinewa ana zubarwa, amma da ya kai wani matsayi sai ya tsaya. Ta gwada lemon tsami da kanwa, tabon ya ɗan dushe, ya ƙi tafiya. Ta bi da samfefa mai laushi, ta ga in ta ci gaba za ta yi wa tebur kwari a tsakiya. Abu ɗaya ya rage, ruwan bilic na wanki, wanda ta san yana cin launi. Ta surka shi da ruwa, ta shafa da tsinken auduga a iya inda tawadar take, ta wanke, ta bar shi ya sha iska.

Tawada ta tafi sarai. Sai dai ba ita kaɗai ta tafi ba. Jan madacin ma ya bi ta, wurin ya koma fari fat kamar tabon ƙuna a jikin baƙin mutum. Da Mama Patricia ta leƙo daga kicin ta gani, sai ta dafe ƙirji ta koma ciki ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi wa Amatullah zagi ciwo. Ta haɗa launin kanti iri-iri da take da su, ta gwada a ƙarƙashin teburin inda ido ba ya kaiwa. Wani ya yi ja kamar manja, wani ya yi baƙi, babu wanda ya yi kama da itacen da ya shekara da shekaru yana shan hannun mutane.

Da la'asar ta sa Ishaku ya kai ta Sauka Kahuta. Malam Aliyu ya daɗe da barin aiki, yanar ido ta rufe masa gani, yawanci yana zaune ne a kan buzu a ƙofar gida da rediyonsa. Ta gaishe shi, ta zauna a ƙasa, ta kwashe labari ta faɗa masa.

"Baba, in kai ne yaya za ka yi?"

Ya yi 'yar dariya. "In ni ne? Fere fuskar zan yi gaba ɗaya in huta. Amma kin ce akwai sassaƙa a gefe, in an fere ta tafi. Amatu, ni kafinta ne, yankawa na sani da haɗawa. Wannan da kike yi kin wuce inda na tsaya, kada ki zo nan neman abin da ba ni da shi."

Idonta ya ciko. Shi kuwa ya ci gaba da hira kamar ya manta da maganar, ya gangara zancen da, yadda mahaifiyarsa ke daɓen ɗaki a gidansu na kusa da tasha, yadda take jiƙa ɓawon ɗorawa ta yayyafa makubar a ƙasa.

"Madaɓinta na itace fari ne da aka sassaƙo shi," in ji shi. "Amma har ta rasu ja ne wur, wanki bai taɓa fitar da shi ba."

Amatullah ta ɗago kai. "Baba, makuba ce ta rina shi?"

"To me zai rina shi in ba ita ba?"

Samun ɓawon ɗorawa a tsakiyar damina ba ƙaramin aiki ba ne, yanzu da siminti ya kori daɓe. Ishaku ya ajiye neman fasinja ya shiga zagaye, daga wannan kasuwa zuwa waccan, har aka kwatanta masa wata tsohuwa mai daddawa, Inna Kyauta, a bayan gari. Ita ce ta zaro masa ƙunshi guda daga saman rumbu, tana mamakin abin da mai Keke zai yi da shi.

Amatullah ta jiƙa ɓawon, ta tafasa, ta tace. A ƙarƙashin tebur ta fara gwadawa, bayan ta ɗan fasa wurin da bilic don ya yi fari irin na sama. Makuba zalla ta yi duhu da yawa. Ta surka, sai ta yi fatsi-fatsi. Ta tuna yadda lalle ke barin ja a jikin muciyar da take kwaɓa shi da ita, sai ta tace ruwan lalle ta ɗiga a ciki. Ta shafa, ta jira ya bushe, ta haska da fitilar waya. A nan ne ta ga launin ya yi daidai.

Ba a shafa ɗaya aka gama ba. Takan shafa siriri, ta bari ya bushe, ta duba, ta ƙara. Da launin ya hau, sai wurin ya zama shafal, babu jijiyoyin nan baƙaƙe da ke ratsa madaci. Ta fita tsakar gida ta tsinci gashin kaza, ta fiƙe bakinsa, ta riƙa tsoma shi a makuba mai kauri tana jan jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, tana haɗa kowace da 'yar'uwarta da ta tsaya a bakin tabon. Destiny, wadda ta dawo daga aiki ta tsaya kallo, ta ce, "Anti, ashe zane ma kina yi?" Amatullah ta ci gaba da jan layi, numfashinta ma riƙe shi take yi. Karcen wuƙar kuwa ta tashe su da dutsen guga, waɗanda suka yi zurfi ta cike su.

Saura banish, sai damina ta nuna halinta. Shafar farko da ta yi a falo, ruwa ya kwana yana zuba, da safe ta tarar fuskar tebur ta yi hazo kamar an zuba mata ruwan koko. Danshi ne ya shiga ƙarƙashi. Dole ta goge shi, a hankali ƙwarai don kada samfefa ta kai ga zanenta. Ta ce sai dai a yi a rana. Nan fa Meshach ya samu aikin da zai wanke kansa. Ya rufe shago, ya kira maƙwabta maza, in rana ta fito su ciccibi tebur zuwa tsakar gida, shi kuma ya tsaya ya ɗaga kai sama yana gadin hadari. Da ya ga gabas ta haɗe sai ka ji ya ƙwala ihu, "Ku zo, ga shi nan!" a kwashi tebur a guje a yi ciki. Wata rana hadarin ya watse ba ko ɗigo, uwar ta ce, "Ka ji ɗan duba." Ranar ce Amatullah ta fara jin dariyar Mama Patricia.

Ana jibi baƙi za su zo ta yi shafar ƙarshe, ta bi da kakin zuma da tsohon zanen atamfa har sai da fuskar teburin ta riƙa nuna silin. Ta kira mai gida. Mama Patricia ta zagaya teburin, ta sa tabarau, ta cire, ta sake zagayawa. Sai ta ja kujerar da ke kan gaba, wadda mijinta ke zama, ta zauna, ta shimfiɗa tafukanta a kan katakon. Ta daɗe a haka. Amatullah ta tattara kayanta a hankali za ta fita.

"'Yata, ranar Asabar za ki zo. Ba aiki ba. Ki yi kwalliya."

Ta zo, ta shige cikin mata a bayan gida ana tuƙin tuwo da dakan sakwara. Bayan an gama magana a falo, an yi addu'a, an ci an sha, sai aka aiko wai Mama na kiranta. Ta shiga tana jan mayafi, falo cike da dattawa. Ashe Mama Patricia da bakinta ta ba su labarin tawadar, har da soson ƙarfe, Meshach na gefe yana murmushin dole. Kawun saurayin, wani tsoho mai farin gemu da ya yi noma har ya gaji, ya ce shi fa bai yarda ba, ya san itace, in an taɓa shi zai gane. Aka kwashe kwanuka aka ba shi fili. Ya sunkuya, ya shafa nan, ya shafa can, ya koma ta wajen taga don haske. Can ya dangwala yatsa a wani wuri kusa da gefe.

"Ga shi nan. Nan ne."

"Baba, wannan ai gaɓar reshe ce," in ji Destiny daga bakin ƙofa. "Tun muna yara take nan."

Falo ya kaure da dariya, tsohon ya fi kowa. Ya juyo ya dubi Amatullah sama da ƙasa.

"Ke ce? 'Yar wane ne ke a garin nan?"

"'Yar Malam Aliyu kafinta ce, na Sauka Kahuta."

"To, ki gaya masa wani tsoho daga Kagara ya ce ya haifu."

Ita kam tana ganin wurin. Akwai jijiya ɗaya da hannunta ya ɗan yi nauyi a kanta, ta fi sauran duhu kaɗan, a daidai ƙarƙashin gwiwar hannun tsohon. Ta dube ta, ta kawar da kai, ta ce, "Zai ji, Baba." Da ta fito, a Keke, Ishaku ya tambaye ta me ya sa take ta murmushi ita kaɗai. Ta ce ya dai kula da hanya.

Bayan wannan, sai aiki ya fi ƙarfin jaka ɗaya. Mama Patricia ta haɗa ta da masu kula da cocinsu, ta gyara musu bencina da teburin gaba. Wata makarantar kuɗi ta kawo mata teburan malamai da jan biro ya cinye. Ishaku ya kafa mata rumfar kwano a jikin gidan da suka koma, matan aure biyu daga unguwar suka fara zuwa koyo, ɗaya bazawara ce mai 'ya'ya. Har kafintocin da a da ke cewa aikinta shafe-shafe ne suka fara turo mata sababbin ƙofofi ta yi musu gugar ƙarshe.

Bara ne shugaban kafintocin yankin, Alhaji Ndakotsu, ya aiko a gaya mata ana son ta zo taronsu, tunda dai ita ma da katako take ci. Ta nemi izinin mijinta ta je. Maza ne zalla a kan bencina, aka rasa inda za a ajiye ta, sai Alhaji ya sa aka fito mata da kujerarsa ta ofis aka ajiye a gefe. Ana ta muhawara a kan tsadar katako da masu sare daji, ita kuwa yatsanta ya ci karo da wani dogon karce a hannun kujerar. Ta yi ƙoƙari ta share, ta kasa. A hankali ta zuge jaka, ta gutsuro kakin zuma, ta murza shi a tafin hannu ya yi laushi, ta shiga cikewa tana bi da bakin mayafinta, kanta a ɗage kamar mai sauraron jawabi.

Da aka shafa fatiha, Alhaji Ndakotsu ya zo ɗaukar kujerarsa. Ya kama hannunta zai ɗaga, sai ya tsaya, ya sake shafawa, ya duba ɗaya hannun ko ya yi kuskure ne.

"Maman Yasmin," in ji shi, "wata mai zuwa a kan wancan bencin za ki zauna. Ya fi wannan jin jiki."